Hannuna Ba Ya Iya Barin Fili

Sana'ata zanen tambari ce. Tela, mai ɗaukar hoto, mai sayar da shito, mai gyaran waya, ƙungiyar samarin unguwa da ta haɗa kuɗi za ta buga riguna kafin Sallah, duk mai son alamar da za a gane shi da ita, ƙofata yake ƙwanƙwasawa a Nima. Ina kuma da wani ciwo da masu maɗaba'ar New Town suka san ni da shi, ko da yake ba kowa ke faɗa a gabana ba: ba na iya ganin fili a jikin takarda in ƙyale shi. Farin wuri tsone mini ido yake yi. In na ga kusurwa babu komai sai tafin hannuna ya kama ƙaiƙayi, in ɗora tauraro. Da na sa tauraro a dama, hagu ta zama marainiya, sai in ba ta jinjirin wata. Tauraro da wata kuwa ba a barin su haka kai babu hula, sai da kambi. Kambi ba ya tsayawa a iska, sai zaki biyu sun tallafe shi. Su ma zakunan ai ba a kan ruwa za su taka ba, don haka in shimfiɗa musu ƙwallon duniya. Kafin a kira Asuba, matar da ta zo neman alamar kokonta ta samu abin da ya fi dacewa da ƙofar ma'aikatar tsaro.

Da jahilci ne da sai in ce a yi mini uzuri. Na san ƙa'idar aikin nan fiye da yadda na san hanyar gidan surukaina. Tambari nagari shi ne wanda za a buga da baƙar tawada kaɗai bai ɓace ba, a mayar da shi girman farcen babban yatsa a gane shi, mai surfani ya ɗinka shi a aljihun riga ba tare da ya tsine wa wanda ya zana ba, yaro ɗan firamare ya kalle shi sau ɗaya ya zana shi a ƙasa da tsinke. Ba sani kawai na yi ba, har wa'azinsa nake yi. Duk saurayin da ya shigo shagona yana son koyon aiki sai na zaunar da shi na karanta masa. Nakan ce ya dubi tutar ƙasar nan tamu, Ghana, da Theodosia Okoh ta zana a 1957: launi uku da baƙin tauraro guda, ta ajiye alƙalami. Ya dubi takardar zaɓe: tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san giwa, ta san lema, ta san jan zakara, ba sai an karanta mata NPP ko NDC ko CPP ba. Ya dubi beguwar ƙungiyar ƙwallon Asante Kotoko. Ya tsaya a Circle ya hangi 'yar rumfa mai ruwan ɗorawa daga nesa, ƙafarsa za ta kai shi wurin mai MoMo, mai tura kuɗi ta waya, tun kafin idonsa ya kai ga harafi. In na yi zafi har Amurka nake kai shi, in ba shi labarin Carolyn Davidson, ɗalibar da ta zana wa Nike wannan 'yar lanƙwasar a 1971 aka biya ta dala 35. Yaron yana gyaɗa kai, ni kuma a bayana allon kwamfuta yana nuna aikin da nake kai, na mai wankin mota, wanda ke ɗauke da mota, da bokiti, da mikiya, da fitowar rana, da taswirar Afirka.

Da ni aka ba aikin Nike, da yanzu akwai takalmi a ciki, da ƙwallo, da damisa tana tsalle ta cikin wuta.

Ba da ciwon aka haife ni ba, ko in ce an haife ni da shi amma talauci ya danne shi. A wurin wani dattijo mai rubutun allon shago na koyi aiki, zamanin buroshi da gwangwanin fenti da kwalin da ake yanka haruffa da reza. Maigidana kalma ɗaya yake da ita: fenti kuɗi ne. In ka tsoma buroshi a ja alhali aikin bai nemi ja ba, daga kuɗin abincinka za a cire. Allon mai aski kawuna ne da almakashi. Na mai kifi, kifi. Na mai gyaran rediyo, rediyo da lambar gida. A lokacin ina ganin rowa ce irin ta tsofaffi. Gwanayena a zuci su ne masu zanen fastar fim, waɗanda a shekarun 1980 da 1990 suke ɗinke buhunan fulawa su zana wa gidajen bidiyo tallar fim da fentin mai. Su kam ba ruwansu da awo. Sau da yawa ba su ma kalli fim ɗin ba, sai su ƙara bindiga inda babu, su ba jarumi damtsen da uwarsa ba ta haife shi da shi ba, su jefa maciji a kusurwa don kada ta zauna haka. Yau waɗancan buhunan ana rataye su a ɗakunan baje kolin zane a Turai da Amurka, kuma duk lokacin da aka zarge ni da cika kaya su nake kawowa shaida. Abin da ba na ƙarasawa shi ne, aikinsu ya tsayar da mai wucewa na dare ɗaya ya biya kuɗin shiga. Gobe an naɗe buhun an tafi wani gari. Tambari kuwa zai zauna da mai shi shekara da shekaru.

Ranar da na fara taɓa CorelDRAW ranar linzamina ya tsinke. Fenti ya zama kyauta. Launi dubu a gabana, babu mai cire mini kuɗin waakye. Ga inuwa, ga ƙyalli, ga ruwan zinare mai gangarowa daga haske zuwa duhu, ga salon haruffa iri-iri da ba su ƙirguwa. Daga baya intanet ta zo ta buɗe mini rumbun zakuna da kambuna da zangarniyar alkama, duk a ɓagas. Maigidana ya leƙo shagona sau ɗaya kafin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana kallon wani aiki da na yi wa mai sayar da katifa, sannan ya tambaye ni cikin natsuwa, "To ina katifar?" Tana nan. Mikiya ce ta zauna a kanta.

Aikin da ya fi fallasa ni shi ne na wata Hajiya a Maamobi mai yin shito, irin baƙin nan mai kifi da jatan lande da ɗaliban makarantar kwana ba sa tafiya sai da shi. Shekaru tana zubawa a kwalaben da ta wanke, ba suna ba alama, 'yan kasuwar Makola suna saye a kan amana. Sai 'yarta ta ce lokaci ya yi da za a sa takarda a jiki, ko a samu shiga manyan kantuna. Suka zo tare. Da yamma na zauna, kuma wallahi abin da ya fito da farko ya yi kyau: barkono ja guda ɗaya, wutsiyarsa ta lanƙwashe ta zama harafin farko na sunanta. Ja da baƙi a kan fari. Na kalle shi na ji daɗi. Da na kashe kwamfuta a nan na tafi masallaci, da yanzu ina cikin masu faɗa a ji.

Ban kashe ba. Bayan Isha na dawo don in ɗan duba. Sai na ce ai shito ba barkono kaɗai ba ne, kifi zai ji haushi. Na sa kifi. Jatan lande ma yana ciki, adalci ya wajaba, na sa biyu don su daidaita. Hajiya ta je Makka, ya kamata a sani, ga jinjirin wata. Masu sayenta da yawa Kiristoci ne 'yan kudu, kada su ga an ware su, ga Gye Nyame, alamar Adinkra ɗin nan da har a bayan kujerar roba ake ganinta. 'Yar ta ambaci fitar da kaya waje, ga jirgin sama. Na kewaye duka da harshen wuta, na ɗora kambi, na rubuta sunan da haruffa masu jela, ruwan zinare, da inuwa a ƙarƙashi. A allon kwamfuta mai faɗi, cikin dare, ni kaɗai, abin ya yi kwarjini.

Mai maɗaba'a a New Town ya buɗe aikin ya yi shiru, sannan ya ce, "Massa, kwalbar nawa ce girmanta?" Na nuna masa da yatsu. Ya yi dariyar da ba ta fito ba. Shi ya san abin da ni ma na sani na yi kamar ban sani ba. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, injin ɗab'i kuwa tawada huɗu gare shi, shuɗiya da ja mai ruwan hoda da ruwan ɗorawa da baƙa, kuma babu zinare a cikinsu. Abin da ke ƙyalli a allo, a takarda ruwan ƙasa yake fitowa. Siraran layuka in aka ƙanƙantar da su haɗewa suke yi. Aka buga, aka yanka, aka manna. Kifi da jatan lande da harshen wuta da jelar haruffa suka narke suka zama dunƙule guda mai ƙafafu a gefe. Ba a yi wata ba sai ga 'yan kayaye suna zuwa rumfar da ake sarin kayan a Makola suna cewa an aiko su sayen shito mai kaguwa. Hajiya ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi. Ta ce, "Ɗana, ni ban taɓa sa kaguwa a tukunyata ba. Mutane suna tambaya, wasu sun ce ba sa ci." Na ce ai ba kaguwa ba ce, Hajiya, barkono ne. Ta ce, "To Allah ya ba barkonon lafiya."

Abin takaicin, sunan ya bi kayan. Har yau akwai masu neman mai kaguwa. Kasuwa ta ɗauki duk tarkacen da na tara ta matse shi ya koma abu ɗaya mai suna ɗaya, domin haka take yi wa kowa, ko ka so ko ka ƙi. Shiga layin masu atamfa ka gani. Kamfani yana fitar da zane da lamba, matan Makola su raɗa masa suna daga abu guda da ido ya fara kamawa. Wannan bayan kunkuru ne. Wancan mai tsuntsu a cikin da'ira shi ne Sika wɔ ntaban, kuɗi na da fiffike. Mai saye ba ta riƙe lamba, tsuntsun take riƙewa. In tana shakkar ko GTP ce ta gaskiya daga Tema ko ATL daga Akosombo ko kwaikwayo ce aka shigo da ita, gefen zanen take juyawa ta nemi 'yar alamar da ta sani, ta shafa, wata har ta ɗanɗana. Cikin wannan cunkoso, da rana a ka, da mai kaya a bayanka yana ihun a ba shi hanya, babu mai lokacin tsayawa ya warware ma'anar zaki biyu da jirgin sama.

Na jima ina ɗora laifin a kan masu kawo aiki, kuma ba su da cikakkiyar gaskiya su ma. Akwai wata mai sayar da kayan miya da na taɓa nuna wa zane mai sauƙi, tumatir guda da sunanta. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta tambayi kuɗin. Da na faɗa sai ta mayar da shi tsohon lissafi, don ita har yanzu da miliyan take ƙirga kuɗi duk da an yanke sifili huɗu daga sidi tun 2007, kuma a miliyan ɗin kuɗin ya yi nauyi a kunne. Ta ce, "Duk wannan kuɗin tumatir ɗaya? Ba ko gyara?" Mace ce da ta yi rayuwarta tana cika gwangwanin awo na olonka har ya yi tozo, sannan ta ƙara damƙi guda a kai don mai saye ya dawo gobe. A wurinta wanda ya karɓi kuɗi ya miƙo abu ɗaya tak, ko ɓarawo ne ko marowaci. Nan take na ba ta gyaran albasa, da tattasai, da kwando, da tauraro biyar.

Amma in zan faɗi gaskiya, ba ita ta karya ni ba, a karye ta same ni. Tsoro ne. Zane mai sauƙi tsirara yake barin mai shi. In barkono ɗaya ne kuma lanƙwasarsa ba ta yi ba, kowa zai gani, babu zakin da zan ɓuya a bayansa. Sannan ina jin kunyar a ce aikin minti goma na karɓi kuɗin yini, duk da na san yinin ya tafi ne wajen zubar da abin da bai kamata ya shiga ba. Wahalar cirewa ba ta ganuwa a takarda, wahalar ƙarawa kuwa kowa na iya ƙirga ta da yatsa. Ni kuma mutum ne mai son a ce sannu da aiki. Tela yana da tarin ƙyallaye a ƙasa da ke shaida ya yanka, kafinta yana da garin katako. Ni ba ni da shaidar gumi sai abin da na cusa a cikin tambarin, don haka nake cusawa.

Ina da hujjoji na kare kai, kuma duk na san inda suke yoyo. Nakan ce a dubi tambarin ƙasa da Amon Kotei ya zana, shi ma a 1957: mikiya biyu, garkuwa mai gida huɗu, takobi da sandar mai magana da yawun sarki, fadar Osu a bakin teku, bishiyar koko, mahaƙar zinare, zaki a tsakiya, tauraro a sama. Shi ba a ce ya cika kaya ba sai ni? Amsar ita ce shi ƙasa guda aka ba shi ya ɗauko, da kudu da arewa da tarihinta, kuma a bangon kotu da fasfo za a sa. Ni kwalbar shito aka ba ni. Nakan kuma ce mu Hausawa ba mu gaji fili ba: ga aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, ga dagi a bangon gidajen Zariya da Kano. Wannan hujjar ta fi daɗin faɗi, ita ce kuma ta fi ƙarya. Mai zayyana yana cika allo, amma da lissafi, kowane gida yana amsa wa ɗan'uwansa, launi uku ko huɗu ne ke zagayawa. Mai aikin riga ya cika ƙirji da aljihu ya bar sauran yadin ya sha iska. Cikarsu tsari ce. Tawa tsince-tsince ce daga intanet.

Akwai ma wata illa da sai daga baya ta bayyana gare ni. Zakin da nake saukowa da shi kyauta, shi ne dai wanda mai zane a Madina da na Ashaiman da na Kumasi suke saukowa da shi. Dokar alamun kasuwanci ta Ghana ta 2004 tana kare alamar da ke bambanta kayanka da na wani, kuma a ofishin Babban Magatakarda ake rajista. To me zai bambanta mai kambi da zaki biyu da sauran ɗaruruwan masu kambi da zaki biyu? Na taɓa tafiya daga Tudu zuwa Okaishie ina kushe allunan mutane a raina, aikin da nake yi kyauta duk inda na bi, sai na ci karo da wani mummuna na mai sayar da takalma wanda ya haɗa kusan duk dabbobin dawa. Na tsaya ina tsaki ina cewa wane mara tsoron Allah ne ya cuci bawan Allah haka. A can ƙasan kusurwa, da ƙananan haruffa, ga lambar wayata.

Wata tsohuwa mai atamfa da nake yi wa rasit ta taɓa ba ni labarin ranar 18 ga Agusta 1979, lokacin mulkin farko na Rawlings, da sojoji suka rushe tsohuwar Makola wadda ke tsaye tun 1924, bisa zargin matan kasuwa da ɓoye kaya da tsawwala farashi. Wurin shi ne Rawlings Park a yau. Tana budurwa a lokacin, tana taya uwarta. Ta ce rumfa ta tafi, allo ya tafi, amma cikin 'yan kwanaki masu sayensu suka gano su a bakin titi, domin uwar kullum da ɗankwali kore take fita, kowa ya san ta da shi. Ta ba ni labarin ne don ta nuna mini ba ta bukatar tambari a rasit ɗinta, sunanta ya isa. Na saurara da ladabi, na tausaya, na ce gaskiya ne Mama. Da aka kawo rasit ɗin akwai ɗawisu a kai.

Sau ɗaya dai aka tsawata mini na ji har cikin ƙashi. Mai sayar da abinci ya ce in yi masa alamar da za a buga a ledar da ake zuba wa masu tafiya da shi gida. Na ga fili a sama, na cika shi da Ma sha Allah da rubutun Larabci mai kyau. Limamin masallacinmu ya ga ledar ya kira ni gefe bayan La'asar. Ya ce, "Malam, ka san inda leda take ƙarewa a unguwar nan?" Na sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan babban kwalbatin da ke tsakanin Nima da Maamobi bayan ruwan sama ya sani. Tun daga ranar ban sake sa sunan Allah a abin da za a yar ba. Filin da ya rage kuwa, kada a tambaye ni abin da na sa a ciki. Cokali da cokali mai yatsu ne, sun gicciye, da tururi yana tashi.

Yaran yanzu sun fi ni, kuma ba na jin daɗin faɗa. Masu hoto da masu kiɗa da masu ɗinkin zamani da ke tasowa a Zango, waɗanda suka girma suna kallon zanen Moh Awudu a bango suna zuwa bikin Chale Wote a Jamestown, ba allon shago ne a ransu ba. Tambarinsu zai zauna ne a 'yar da'irar nan ta WhatsApp da Instagram da TikTok, wadda ba ta kai kwabo ba, ko a kusurwar hoto, ko a ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga. 'Yar ƙanwata da ta buɗe shagon ɗinki ta zo wurina, don zumunci. Na yi mata keken ɗinki da almakashi da tef da mace sanye da doguwar riga a cikin fure. Ta yi godiya sosai. Bayan mako na ga kayanta da wata alama daban: allura guda, zaren ya zagaya ya zama harafin sunanta. A wayarta ta yi, da Canva, tana zaune a trotro. Na ce me ya sami nawa? Ta ce, "Kawu, naka na ajiye shi, ya fi ƙarfin wuyan riga. Mai surfani ya ce sai dai a yi shi a bayan kafet." Na duba nata ta kowace fuska ina neman aibi. Abin da na iya samu kawai shi ne akwai ɗan fili a ƙarƙashin allurar.

Na nemi magani. Na yi wa kaina doka cewa abu uku ne iyaka, sai na fara ƙirga zaki biyu a matsayin abu ɗaya, tunda jinsinsu guda. Na ce duk aiki sai an aika kafin Magariba, sai na koma aikawa da rana, da dare in biyo da saƙo: Alhaji, ga wani na ɗan gyara. Uwargida ta taɓa ɗauke linzamin kwamfutar ta kulle a akwatinta, na gano ana iya jan kambi da madannai, a hankali dai, amma yana isa. Magani ɗaya ne ya taɓa yi mini aiki, kuma ba ni na nemo shi ba. A 2015, da dumsor ta kai maƙura, ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, aikina ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba. Kafin in kai ga zaki wuta ta tafi, mai aiki kuma yana tsaye a ƙofa, dole in ba shi abin da ke akwai. Tamburan da nake nuna wa baƙi in suna son ganin gwanintata, kusan duk na wannan shekarar ne. Mutane suna zanga-zanga a titi suna neman wuta, ni ma ina cikin masu ƙorafi, ban san taimakona ake yi ba. Da wuta ta daidaita na koma gidan jiya.

Shagona har yau ba shi da tambari. Ba don ban zana ba. Yana cikin kwamfuta, kuma mai buga bana ya ce in ana son a ga komai da ke ciki sai an ari bangon maƙwabcina.

Ga abin da nake roƙon duk mai niyyar kawo mini aiki, don ba na so a daina kawowa, yara suna makaranta. Ka zo da safe. Ka zo da kwalbar, ko ledar, ko rigar da za a sa abin a jiki, ka ajiye ta a gabana inda zan riƙa ganin girmanta. In na nuna maka zane, ka ce ba wannan ba, na farkon kake so. Yana nan, kullum ina ajiye shi, kuma shi ne mai kyau. Kada ka ce ya yi sauƙi, kada ka nemi gyara ko da wasa. Ka biya, ka karɓa a wayarka, ka tsaya a kaina har in goge nawa kwafin. In da dare ka ga saƙona yana cewa na ɗan ƙara wani abu, kada ka buɗe.